Abin da Na Gano a Ƙonni Wurin Masu Tattabaru

Tun da na dawo daga Ƙonni ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a wurin mai shayi a tare ni, ranar Talata kuwa in kasuwa ta cika, sai mutum ya sauke buhunsa a ƙofar shagona ya ce, "Lauwali, wai mi kag gani can?" In na soma ba da labari sai mai sayayya ya katse ni, in wani ya zo in sake farowa daga tushe. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ina da shago a Talata Mafara kusa da tasha. Ina sayar da abincin kaji da na tattabaru, da magungunansu, da 'yan kwanonin ruwa. Shagon na mahaifina ne, a cikinsa na tashi. Shekaru biyu da suka wuce aka buɗe wasu manyan shaguna a bakin titi, masu ɗauko kaya mota guda daga Gusau, farashinsu kuwa ba abin da zan iya bi ba ne. Masu kiwon kaji da yawa suka koma can, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ya rage mini shi ne masu tattabaru, su ma abin da ke kawo su wani magani ne da na gada, na ƙurajen da ke fito wa tattabara a ido da gefen baki lokacin damina. A leda nake ƙulla shi, babu suna, babu wanda ya san abin da ke ciki, har mai ɗakina. Maƙwabcina tela ya riga ya yi mini magana cewa in zan tashi yana son wurin. Na ce ya ba ni zuwa bayan Sallah.

Ana haka sai Baba Ɗanjumma ya zo sayen gero. Dattijo ne mutumin Bakura, ya yi shekaru yana tuƙa tarakta a gonakin Bakolori, yanzu ya ajiye aiki, sai noman albasa da kiwon tattabaru. Da na gaya masa halin da ake ciki, ya dubi kantoci, sannan ya ce, "Kahin ka ba da shagon ubanka, mu tahi Ƙonni ka ga wani mutum. Isuhu sunanai. Abin da kaka saidawa shi shika saidawa, shagonai bai kai naka ba, amma ranar Juma'a ba ka samun wurin aje ƙahwa."

Na ce, "Baba, asiri gare shi?"

Ya ce, "Tahi ka gani da idonka."

Ranar Laraba da sassafe na hau babur zuwa Bakura. Na tarar Baba ya shirya, har an ɗumama mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Bayan mun ci sai ya shiga ɗakin tsuntsayensa ya fito da kwando rufe da tsohon zane. Tattabaru ne aure biyu, wato maza biyu mata biyu, farare masu gashi har a ƙafa. Na ce wannan wahala fa? Ya ce ba a shiga gidan mai tattabaru hannu rabbana. Na ƙyale shi, don dai ba ni zan riƙe ba.

Muka fito Lambar Bakura muka sami motar Sakkwato. Kowa na sauri a tashi da wuri, domin yanzu ba mai son la'asar ta same shi a hanya, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Direba ya ce a sa kwando a but. Baba ya ce ko shi za a sa a but, amma ban da tsuntsayen. Aka gama da cewa zai ɗora a cinyarsa. Kusa da shi wata mata ce mai sayar da daddawa, za ta kai kaya Sakkwato. Ba mu kai Tureta ba sai ta ji ɗumi a gwiwarta. Ta duba, ashe kashin tattabara ne ya bi ta ƙasan kwando ya sauka a kan zanenta.

Ta ce, "Baba, ni da nika ɗauke da daddawa ban dami kowa ba, sai ku?"

Baba ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, arziki na."

Ta ce, "To a maida shi bisa taka riga, kai ma ka samu."

Mota duk aka yi dariya, har direba. Kafin Dange sun shirya, tana gaya masa mijinta ma ya taɓa kiwonsu, muzuru ya ƙarar da su. Taya ta yi faci kusa da Shuni, muka yi kusan awa guda a gindin wata bishiyar bedi, sai bayan azahar muka shiga Sakkwato. Muka ci shinkafa da wake a tasha, muka hau motar Illela, ta Kware da Gwadabawa.

A Illela muka kwana, a zauren wani dillalin albasa abokin Baba. An karɓe mu da mutunci, an kawo fura mai kyau, sai dai rabin zauren buhunan albasa ne, wasu sun fara lalacewa. Kwana uku rigata tana ba da labarin inda na kwana.

Da safe muka nufi iyaka. A ɓangarenmu mun nuna katin shaida muka wuce. A ɓangaren Nijar wani jami'i ya miƙo hannu ya ce, "Kardante." Na tsaya ina kallonsa, sai Baba ya taɓa ni ya ce katin nan dai ake nufi. Sannan jami'in ya ɗaga zanen kwando, ya ce tsuntsu ba ya shiga sai da takardar likitan dabbobi. Gaskiyarsa ce, mu ne ba mu tambaya ba kafin mu taso. Ya ce mu zauna a inuwa har mai duba dabbobi ya iso.

Muna zaune Baba ya ga rana ta yi zafi, ya buɗe kwando zai ba su ruwa. Namiji ɗaya ya sulale ta ƙarƙashin hannunsa, fir, sai kan rufin ofis. Ga dattijo mai furfura tsaye a tsakar fili, gero a tafin hannu, yana kira, masu manyan motoci suna ta ba shi shawarar da ba ta da amfani. Wani ma har ya ɗauki dutse, Baba ya daka masa tsawa. Sai jami'in nan ya fito, ya ce kowa ya matsa. Ya karɓi geron, ya ɗauki macen daga kwando ya riƙe ta a hannu ɗaya inda namijin zai gan ta, ya yi wani ɗan sauti da harshe. Ba a jima ba tsuntsun ya sauko kan hannunsa.

Ya duba gashin ƙafarsa ya ce, "Wagga irin ba mu da ita nan. Ina za ku da su?"

Muka ce wurin Isufu mai abincin tsuntsaye.

Ya ce, "To sai gobe ke nan, in ba ni da aiki."

Mai duba dabbobi ya zo, ya buɗe bakinsu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta takarda, muka wuce.

Ƙonni ba ta da nisa da iyaka, kuma in ka rufe ido ka saurari magana sai ka ce kana kasuwar Mafara. Gaisuwa iri ɗaya, tsawonta ɗaya. Bambancin a 'yan kalmomi yake. Shago su ce butik, makaranta su ce lakwal, asibiti kuma su ce likita, har na ɗauka mutum ake nufi da wani ya ce matarsa ta kwana likita. Burodinsu dogo ne kamar sanda, mai tauri a baya, a hammata ake ɗauko shi ba leda. Abin da ya fi ba ni mamaki, bayan azahar shaguna da yawa rufewa suke, kowa ya je ya kwanta sai la'asar. A wurinmu wanda ya rufe shago da rana tsaka sai a je gida a tambayi lafiya.

Isufu gajere ne, ya ba hamsin baya, ba ya da yawan magana. Mun tarar yana gyaran katakon kanta da guduma. Ya ga tsuntsayen Baba ya yi murna ƙwarai, ya yi ta juya su yana dubawa. Shagon kuwa, kamar yadda aka faɗa, bai kai nawa ba. Kayan ma nawa sun fi yawa. Ya sauke mu a wani ɗaki a bayan gidansa, bango ɗaya da ɗakin tattabarunsa, ba mu buƙaci mai tashinmu sallar asuba ba.

Nan na yi kuskurena na farko. Aka dafa shayi a ƙaramar buta, aka miƙo mini ɗan kofi, baƙi ƙirin mai ɗaci. Na daure na shanye, na yi godiya, na miƙe zan je in zaga gari. Baba ya kama rigata ya ce in zauna, saura biyu. Ashe sau uku ake sha, na biyu ya fi na farko sauƙi, na uku zaƙi ne zalla, kuma tashi bayan na farko kamar ka ce hirar ba ta yi maka ba. Aka kawo abinci, shinkafa haɗe da taliya da miyar ja, da dambun zogale wanda har yau ina tuna shi.

Ranar Alhamis ɗin nan na zauna a shagon har magariba ina lura. Masu saye jefi-jefi, kamar nawa. Na ce a raina Baba ya sa na bar shagona a rufe a banza.

Juma'a bayan la'asar sai na ga Isufu ya fito da bencuna da tabarmi, ya jera a ƙarƙashin rumfar kwano. Mutane suka fara zuwa, wasu a ƙasa, wasu a babur, wasu da kwando wasu da kwali mai huji. Akwai mahauci, akwai malaman makaranta, akwai wani dattijo makaho da aka ce da hannu yake gane irin tattabara. Jami'in iyaka ma ya zo cikin kaftani, da ƙyar na gane shi. Har da mata uku, suka zauna a benci guda a gefe, suna magana ana saurarensu, abin da ban taɓa gani a ƙofar shago a garinmu ba. Na fara ƙirga mutane, na bari.

Daidai lokacin da wuri ya cika, sai Isufu ya tashi ya ja ƙofar shago ya rufe.

Na bi shi na ce a hankali, "Malam Isufu, ka tara jama'a haka kuma ka rufe?"

Ya ce, "In na saida musu yau, kasuwa sunka zo. Mai zuwa kasuwa kuwa inda ta hi araha shika nema. Bari su zo wurin tsuntsayensu."

Na nuna masa wani mai jar hula na ce, "Wancan fa? Jiya na ga shagonsa bakin tasha, kayanku ɗaya."

Ya ce, "Awo. Shi ma shina da tattabaru."

Ya koma ya zauna, ya bar ni tsaye.

Zaman ba shi da shugaba, amma yana da tsari. Wanda ya samu sabon iri ya nuna, a zaga da shi hannu-hannu. Masu son musaya su yi. Wani magidanci da ya zo karo na farko aka ba shi aure guda kyauta, bisa sharaɗin in sun yi 'yan shila na farko, ya kawo a ba wani sabo. Aka ce haka kusan rabin mutanen wurin suka fara. Daga nan sai a zo kan masu ciwo.

Ɗaya daga cikin matan nan ta buɗe kwalinta. Malama Rakiya sunanta, tana koyarwa a makarantar firamare. Tattabarun na mijinta ne da ya rasu bara, ita ta ci gaba da kula da su don 'ya'yanta ba su yarda a sayar ba. Ta ce shida sun mutu cikin mako biyu. Da ta ɗago tsuntsun na ga ƙurajen a gefen ido, tun daga nesa na gane ciwon. Ana ta kawo shawara, wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza. Ni dai na yi kamar ban san komai ba. Sai Baba Ɗanjumma ya ɗaga murya ya ce, "Ga baƙonku daga Mahwara, gidansu aka san da maganin wanga ciwo."

Ido duk ya dawo kaina. Ina da ƙulli biyar a jaka, na zo da su ko zan sami mai saye. Na ciro biyu na miƙa mata na ce kyauta ne, na faɗi yadda ake jiƙawa. Na ɗauka na yi abin kirki.

Isufu ya ce, "Mun gode, Malam Lauwali. Amma nan ba a amsar ƙulli. Hwaɗi aka yi."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Jibi kana Najeriya. In ƙullin ya ƙare ciwon bai ƙare ba, ina za ta same ka? In kana iya hwaɗin abin da ke ciki, bismilla. In ba ka iyawa, ba laihi, mai da abinka, ba wanda za shi ga baƙinka."

Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci. Wannan maganin shi ne abu ɗaya da manyan shagunan garinmu ba su da shi. Ga mai jar hula ya matso da kunne. Ga Ƙonni da Mafara ba wata tazara ba ce, magana tana riga mota isa. Na dubi Baba, ya kau da kai yana wasa da carbi. Na dubi matar, tana riƙe da tsuntsun da hannu biyu, ba ta roƙe ni ba, ba ta kuma sauke ido ba. A nan na tuna yadda mahaifina ya sami maganin. Wani Bafulatani ne a Damaga ya gaya masa a gindin bishiya, ko goro bai karɓa ba. Mu ne muka ƙulla shi a leda daga baya.

Sai na faɗa. Ɓawon maɗaci da gautan kaji, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa kaɗan a ruwan shansu. A shafa man kaɗe a kan ƙurajen. A ware masu ciwo, a ƙone tsohuwar ciyawar sheƙa, a sauya ruwa safe da yamma. Ina magana Malama Rakiya tana rubutawa a bayan wata takarda, mai jar hula ma yana rubutawa a wayarsa.

Da na gama sai wani mutum da ke zaune a ƙarshen benci, wanda ashe ma'aikacin kiwon lafiyar dabbobi ne, ya ce abin da na faɗa yana taimaka wa tsuntsu ya jure, warewar nan kuma ita ce babba. Amma ya tambaye ni ko na san abin da ke yaɗa ciwon. Na ce damina. Ya ce sauro ne, shi ya sa yake zuwa da damina. A sa raga a tagar ɗakinsu, a kawar da ruwan da ke kwance kusa, akwai kuma allurar rigakafi da ake yi tun kafin ruwa ya sauka. Shekara ashirin ina sayar da maganin ciwon nan ban san sauro ke kawo shi ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini, domin ni ma ban taɓa buɗe baki a gaban wanda ya sani ba.

Asabar na fito da wuri na zauna a shagon. Tun hantsi mutanen jiya suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan gero, wannan kwanon ruwa, wannan raga. Wasu sun wuce shaguna biyu kafin su iso. Kowa ya tsaya ya yi 'yar hira, ya faɗi yadda tsuntsunsa ya kwana. Da aka sami sarari Isufu ya gaya mini gaskiya ba ƙari. Ya ce abin ya ɗauke shi shekara uku. Ya ce akwai masu zuwa don shayi kawai, akwai waɗanda suke koyo a wurinsa su je su saya wani wuri, an taɓa yin rigima kan musaya har mutum biyu suka daina gaisawa. Ya ce bai yi kuɗi ba, amma bai taɓa tunanin rufewa ba. Ya ƙara da cewa in ba na son tattabaru da gaske kada in fara, domin mutane suna ganewa.

Lahadi muka juyo. Isufu ya ba ni aure guda masu ruwan toka, bisa sharaɗin da ake ba kowa. Wannan karon mun nemi takarda tun kafin mu kai iyaka. Illela ta cika maƙil da 'yan kasuwa, mun sha wuya kafin mu sami mota, amma mun iso Lambar Bakura da sauran rana.

Juma'ar da ta biyo na ari benci biyu na ajiye a ƙofar shago, bayan na yi mako ina gaya wa duk mai tattabarar da na sani. Mutum tara suka zo. Biyar daga ciki tambayarsu ɗaya: "Mi za a raba?" Sun ɗauka taron siyasa ne ko na tallafi. Da suka ji hira ce kawai, suka sha shayi suka tafi. Saura huɗu, ciki har da Baba, da wani Malam Bulus, mutumin Zuru da ke koyarwa a wata sakandare a nan garin, wanda yake kiwon tattabaru a bayan gidan haya. Mako na biyu mu uku ne. Tela ya leƙo ya ce ko in taimaka masa da benci ɗaya tunda ba a amfani da shi.

Mai ɗakina ce ta ce mini na manta rabin masu kiwon. Ta ce a unguwarmu kaɗai mata nawa ke da tattabaru a tukwane a bayan ɗaki, kuma ba za su zo su zauna a bakin tasha ba ko da me za a raba. Ita ta fara tara su a tsakar gidanmu ranar Asabar da hantsi. Nata zaman ya riga nawa kafuwa, kuma har yau ba ta bar ni na manta ba.

A mako na huɗu Malam Bulus ya ce akwai wani abokin aikinsa a Maradun, Malam Sanusi, da ciwon ƙuraje ya shiga ɗakin tattabarunsa. Ya ce, "Malam Lauwali, in ka je da kanka zai fi a aika." Washegari da safe muka hau babur biyu, muka bi ta gefen magudanan ruwan Bakolori, shinkafa ta yi kore shar, muka shiga Maradun kafin rana ta yi zafi. Malam Sanusi ya kira maƙwabtansa masu kiwo, suka taru a zaure. Na zazzage ƙullin a faranti a gabansu, na nuna musu kowane abu da sunansa, na faɗi maganar sauro da raga, na ce su nemi ma'aikacin dabbobi kan rigakafi.

Malam Sanusi ya sa hannu a aljihu. Na ce ya bari, in yana son saka mini ya zo Mafara ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a yi la'asar tare, ya koma da rana. Aka kawo mana fura da nono, muka sha muka juyo.

Abu biyu suka biyo bayan wannan tafiyar. Na farko, ba a yi wata guda ba na ji ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a zauren nan ya fara ƙulla maganin yana sayarwa a kasuwar Maradun. Masu zuwa daga can saye a wurina suka daina. Abin ya yi mini ciwo, na kwana biyu ina juya shi, kuma ba zan ce ya daina yi mini ciwo gaba ɗaya ba. Na biyu, Juma'ar da ta biyo mota guda ta tsaya a ƙofar shagona, mutum bakwai suka fito da kwanduna. Mutanen Bakura da suka ji na Maradun sun zo, suka ce ba za a bar su a baya ba. Saboda masu nisa muka riƙa fara zaman da wuri kaɗan, don kowa ya isa gida kafin rana ta faɗi. Na koyi rufe ƙofa in an taru, ko da yake makonnin farko hannuna har ƙaiƙayi yake. Ciniki bai koma kamar zamanin mahaifina ba, amma ya kai in gaya wa tela ya nemi wani wuri.

Makonni uku da suka wuce aka yi sunan jikar yayata a Ruwan Gizo, ya faɗo ranar Juma'a. Na yi niyyar dawowa kafin azahar, sai aka yi ruwa mai ƙarfi, hanya ta jiƙe, babur ɗin da na hau kuma ya mutu sau biyu. Waya ba caji. Duk hanya tunanina ɗaya: bencuna suna kulle a cikin shago, butar shayi tana ciki, mutane za su taso daga Maradun da Bakura su tarar da kwaɗo a ƙofa, kuma wanda ya yi wannan tafiyar a banza sau ɗaya ba lalle ya sake ba.

La'asar ta yi nisa na iso tasha, wandona duk laka. Tun daga kwana na hango su. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon da ke rufe, wasu a kan bulo, wasu a kan baburansu. An aro buta wurin mai shayi. Baba Ɗanjumma da Malam Bulus suna gardama kan wata tattabara mai ɗaurin wuya, ko mace ce ko namiji, Malam Sanusi yana riƙe da ita yana dariya. Ba wanda ya lura da isowata. Na tsaya a baya ina kallo.

Wani mutum da ban taɓa gani ba, yana zaune a bakin tabarma da sabon kwando a gabansa, ya ɗago ya gan ni tsaye. Ya matsa gefe, ya share wurin da hannunsa.

Ya ce, "Bismilla Malam, zamna. Baƙo na kai? Mai shagon bai zo ba yau, amma ba komi, ana yi."

Na ce na gode. Na cire takalmi na zauna kusa da shi, mabuɗin yana aljihuna, ya miƙo mini kofin shayi.